Tun Ran Gini Ran Zane: Gidan da Ya Dace da Iyali a Kudancin Kano

Wanda ya taso daga Kano a kan hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Dangora, ya nufi Tudun Wada, ya keta dajin Falgore har Doguwa, zai ga yadda fuskar garuruwa ke sauyawa shekara bayan shekara. Kuɗin masara da shinkafa da rake suna komawa bulo da kwano, sababbin unguwanni suna tsirowa a inda jiya gonaki ne, kuma wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai mai lura zai ga wani abu da ke maimaituwa. Gaban gida ya sha tayil, ƙofar ƙarfe ta sha fenti, amma da an shiga ciki sai a tarar babu inuwar da za a shimfiɗa tabarma, uwargida tana girki a lungu hayaƙi yana komawa ɗaki, buhunan hatsi sun cinye rabin falo, in kuma watan Agusta ya zo ruwa ya kwanta a tsakar gida ya rasa mafita. An kashe dukiya, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da nake son in tabbatar a nan shi ne, gidan iyali a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa daga ciki ya kamata a fara tsara shi, daga aikin da ake yi a cikinsa da ruwan da ke sauka a kansa, sannan ado ya biyo baya daidai da abin da ya rage a aljihu.

Dalili na farko yana cikin yanayin ƙasar kanta. Waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, da suka haura mutum 800,000 a ƙidayar 2006, suna ɓangaren jihar da ya fi samun ruwan sama. Damina tana riga sauka a nan kafin ta kai Dambatta ko Kunchi, tana kuma daɗewa kafin ta ɗauke. Can wajen duwatsun Riruwai, hedikwatar Doguwa, ruwan shekara yakan haura milimita 1,000. Hadari a ƙasar Hausa yawanci daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi da ke watsa ruwa a jikin bango, shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa, shi ya sa kuma magabata suka fi son ƙofar zaure ta kalli yamma. Da rani iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas da ƙura da sanyi, sannan bazara ta zo da zafin da ke hana barci. Ga shi mafi yawan masu gina gidajen manoma ne, ko da kuwa suna da aikin gwamnati ko shago a gefe. Gidansu wurin kwana ne, kuma sito ne, masussuka ce, turke ne, wani lokaci ma makarantar allo. Zanen gidan da aka yi wa ma'aikacin banki a Nasarawa cikin birnin Kano, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, mai sayen shinkafa kwano-kwano, ba zai ɗauki wannan nauyi ba, komai kyansa a takarda.

Gidan gargajiya ya san wannan tun da daɗewa. Baƙo yana tsayawa a zaure, inda maigida ke karɓar jama'a, a ci abinci, a yi karatu, a sasanta rigima. Daga nan sai ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi suke, sai shigifa da ke karya ido, kafin a kai cikin gida inda ɗakunan mata suka kewaye tsakar gida. Ba a jera ƙofofin a saiti ɗaya, don kada mai wucewa a waje ya hango abin da ke ciki. Wannan jeri ya dace da tarbiyyar da Suratun Nur ta shimfiɗa game da neman izini kafin shiga gidan wani, da lokuta uku na yini da ko yaran gida sai sun yi sallama, ya kuma dace da umarnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya yi nazarin gidajen birnin Zariya ya wallafa sakamakonsa a 1982, ya nuna cewa gidan Bahaushe yana girma yana raguwa tare da iyalin da ke cikinsa: a yi aure a ƙara ɗaki, a yi rasuwa ko rabuwa wani ɗaki ya koma fili. Gidan zamani da aka rufe da rufi ɗaya daga katanga zuwa katanga ya rasa wannan sassauci. Ranar da babban ɗa ya isa aure, ko gyatuma ta dawo hannun ɗanta, sai a rasa inda za a tsaga ɗaki, a koma toshe tagar wani don a samar wa wani wuri.

Saboda haka tsakar gida ce ya kamata a fara aunawa, kafin a auna falo. A nan ake daka da tankaɗe da wanki da shanya, a nan yara ke wasa a gaban idon iyayensu mata, a nan ake kwana idan bazara ta tsananta, a nan ake taron suna da biki. A nan ne kuma sana'ar mata take: turara shinkafa da shanya ta, wadda matan Tudun Wada suka saba da ita, matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, ɗinki, kitso. Wanda ya cinye filin da gini ya rage wa matarsa jari, ko bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mace ce ke yini a gidan. Shawararta kan inda madafa za ta zauna da inda za a sa randa ta fi ta abokin da ya zo ganin gini sau ɗaya. Madafar tana bukatar rumfa mai tsawo, buɗaɗɗiya ta gefe biyu, a kusurwar da iska za ta janye hayaƙi daga ɗakunan kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi daga girki da itace da gawayi take, ta jawo mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙar ta. Ko gidan da ya koma gas yana bukatar murhun waje, domin tukunyar biki da ta azumi ba sa hawa kan ƙaramin risho.

Bayan madafa sai ma'ajiyar amfanin gona. Rumbun ƙasa da ake ɗorawa a kan duwatsu yana raguwa, buhu ya maye gurbinsa, amma ba a tanadar wa buhun wuri ba, shi ya sa yake ƙarewa a ƙarƙashin gado ko bayan kujera. Inda hatsi yake nan ɓera yake, kuma zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera a cikin abinci ya fi yaɗuwa. Masarar da ta sha danshi kuma tana yin fumfuna mai gubar da ke lalata hanta, ta kuma karya farashi a kasuwa. Ga maganin ƙwari da ake zuba wa wake, wanda bai kamata mutum ya kwana yana shaƙa ba. Sito mai daɓen siminti, da katakon ɗora buhu, da 'yar taga a sama mai waya, da ƙofar da ba ta bar rata a ƙasa ba, kusa da ƙofar shiga don kada 'yan dako su ratsa ta gaban ɗakunan mata, ya fi wa manomin Kiru ko Bebeji amfani bisa falo na biyu. Haka turken awaki da akurkin kaji: a ba su kusurwarsu nesa da rijiya da madafa, da gangaren da zai fitar da ƙazantarsu, takin kuma ya tafi gona.

Ruwa shi ne babban alƙalin kowane gini a wannan yanki. Gidajen da ke faɗuwa da damina, na ƙasa ne ko na bulo, mafi yawansu daga ƙasa suke fara ciwo: harsashi marar zurfi, daɓen da bai ɗara titi tsawo ba, ruwan kwano da ke zuba a gindin bango. Wanda zai sayi fili ya je ya gan shi a tsakiyar damina, ya tambayi dattawan unguwa ta ina ruwa ke bi, ya guji bakin rafi da fadama komai arahar su. A cika gida ya ɗara hanya, a yi harsashi da dutse inda dutse yake kusa, kamar ƙasar Riruwai, a bar bakin kwano ya zarce bango sosai, a kuma fitar da magudana tun kafin a yi daɓe. Ruwan da ke neman rushe gida shi ne kuma dukiyar da ake zubarwa. Kowace milimita ɗaya da ta sauka a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a inda ake samun milimita 1,000 yana karɓar lita 100,000 a shekara. Indararo da tanki za su rage wa yara zuwa rafi na watanni. Sai batun rijiya da masai. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakaninsu, alhali fuloti mai ƙafa 50 da 50 kowane gefensa bai wuce mita 15 da 'yan kai ba. Ma'ana, a ƙaramin fili mutum ba zai iya kare rijiyarsa shi kaɗai ba, sai ya zauna da maƙwabta an san inda ramin kowa yake. Rijiyar kuma a ɗaga bakinta a yi mata murfi mai kulle, domin rahotannin Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ba sa rabuwa da labarin yaron da ya faɗa rijiya.

Zafi da iska su ne na gaba. Ɗakin bulo inci shida, mai gajeren rufin kwano ba silin, da taga guda, tanderu ne a watan Afrilu. Maganin ba ya bukatar lantarki. A shimfiɗa doguwar fuskar gini ta kalli kudu da arewa don ranar safe da ta yamma su sami ɗan guntun bango kawai, a ɗaga rufi, a sa silin, a bar kafofi masu waya tsakanin silin da kwano don zafi ya fita, a yi wa kowane ɗaki taga biyu a bango daban-daban, a yi baranda a gaban ɗakuna. Wannan dabara ce ta ɗaukaka Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da rufin kwano da aka ɗage sama da silin, ya kuma zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker a 2022. Za a ce manyan tagogi suna buɗe gida ga ɓarawo da idon waje, kuma a yankin da ke maƙwabtaka da daji wannan damuwa ce ta gaskiya. Amsarta tana cikin tsohon tsari: manyan tagogi su kalli tsakar gida, na bangon waje su zama ƙanana, can sama, da ƙarfe da wayar sauro. Da haka an tsare sutura, an rage cizon sauro, an kuma rage cunkoson numfashi da ke taimakon sanƙarau, cutar da ta yi wa Kano mummunar ɓarna a 1996. Bishiyar darbejiya ko mangwaro a yammacin gida, nesa kaɗan da harsashi, tana yin aikin da fanka ba za ta yi ba ranar da babu wuta.

Akwai masu cewa duk wannan kira ne a koma ginin ƙasa, alhali ginin ƙasa shi ne ke rushewa kan mutane, shi ke bukatar yaɓe kowace shekara, kuma matashin yau ba zai kai amarya cikinsa ba. Akwai gaskiya a maganar. Azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, magina masu sanin makuba da ɗaurin guga sun yi ƙaranci, kuma soron ƙasa yana wahala a inda ruwa ya yi yawa kamar Doguwa. Amma abin da ake kira a riƙe shi ne tsarin, kuma tsarin yana zama da bulo kamar yadda ya zauna da tubali. Sannan ƙasar ma ba ta cancanci rainin da ake mata ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya haura shekara 170 bakan-gizonsa na ƙasa suna tsaye, kafin wani sashensa ya rufta a 2023. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar Aga Khan a 1986. Kaurin bangon ƙasa yana jinkirta shigar zafin rana, ya riƙe ɗumi da daren hunturu. A yau akwai bulon jar ƙasa da ake gauraya wa siminti kaɗan a matse da inji, irin wanda Mariam Issoufou Kamara ta yi gidaje da shi a Yamai. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, abin da ya sa wasu masu buga bulo ke ƙara yashi su rage siminti. Bangon ƙasa mai harsashin dutse da kwano mai faɗin baki ya fi irin wannan bulo aminci.

Wasu kuma za su ce zane da tsari na masu kuɗi ne, talaka ɗaki ɗaya yake ginawa idan kaka ta yi kyau, ya jira wata kakar. Ai wannan shi ne babban dalilin da ya sa talaka ya fi kowa bukatar tsari. Mai kuɗi in ya yi kuskure zai rushe ya sake. Wanda ke tara bulo ɗari-ɗari ba shi da wannan dama. Tun ran gini ran zane. Kafin a haƙa ramin farko, maigida da uwargida da birkila su zauna da takarda, ko su zana a ƙasa da turaku da igiya, su fitar da gidan yadda zai kasance bayan shekara ashirin: nan zaure, nan ɗakunan yanzu, nan inda za a ƙara, nan sito, nan makewayin da bai fuskanci alƙibla ba bai kuma ba ta baya ba, nan filin da ba za a taɓa ba. Sai a gina shi kashi-kashi, kowane kashi da harsashin da zai ɗauki na gaba. A haɗa da takardun fili: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a filayen karkara, kuma takardar ciniki mai shaidu da sa hannun mai unguwa da dagaci tana kashe rigimar da kan ɓarke bayan ran mai gida. Gidan da aka tsara sashe-sashe, kowane da hanyar fita, ya fi sauƙin rabo ranar gado ba tare da an sayar da shi an watse ba.

Sai ado, inda zuciya ta fi rinjayar lissafi. Babu mai musun cewa kayan ɗaki mutuncin amarya ne kuma dukiyarta ce. Jeren kwalla da tasa da samira na iyayenmu mata ajiya ce da ake iya sayarwa ranar bukata. Matsalar ita ce kayan yau sun fi ɗakunan girma, kuma ba sa riƙe daraja. Ana cusa gado da sif da madubi da saitin kujeru a ɗaki mai ƙafa goma sha biyu, a toshe taga da sif, a rasa wurin shimfiɗa sallaya, a rasa inda za a ɗaura gidan sauro, alhali uban amarya ya sayar da gona ko ya ci bashi. Katakon garin itace da aka matse, da ya sha danshin damina ɗaya sai ya kumbura ya ɓare. Ya fi kyau a auna ɗaki kafin a je wurin kafinta, a zaɓi kaɗan masu ƙarko, ragowar kuɗin ya zama keken ɗinki ko tunkiya ko sola mai haska ɗaki da madafa. Farin fenti ko farar ƙasa suna ƙara haske, leda ko tayil sun fi kafet sauƙin shara a ƙasar ƙura, labule marar nauyi yana barin iska ta wuce, kanta a jikin bango tana ɗauke tarkace daga ƙasa. Tabarmar kaba da faifai da ƙwarya mai zane da dagi a goshin zaure ado ne na gida, masu yin su kuma suna kasuwannin yankin. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, da janareta a bakin taga, da tukunyar gas kusa da gado, waɗannan sun hallaka iyalai da yawa, kuma tsarin ɗaki mai kyau yana ware wa kowannensu wuri a waje.

Idan aka tattara, jerin kashe kuɗi a bayyane yake: fili mai tudu da takardunsa, harsashi da magudana, rufi da silin, makewayi da ruwan sha, madafa da sito, tagogi da waya, sannan fenti da tayil da kujeru. Abin da ke farkon jerin ba ya gyaruwa sai da rushewa, na ƙarshensa kuwa ana iya ƙara shi kowace kaka. Sassan ayyuka da na lafiya na ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su yi wa jama'a babban taimako idan suka samar da 'yan zane-zanen gidaje masu sauƙi kyauta, suka kuma tabbatar an bar hanya da magudana a duk gonar da aka yanka fulotai. Hakimai da dagatai da limamai suna da bakin da za su rage gasar kayan ɗaki. Magina su riƙa faɗa wa mai gini gaskiya ko da ba ita yake son ji ba. Kai kuma da ka sayar da amfanin bana kana shirin kiran birkila, kafin ka sayi buhun siminti na farko, ka zauna da iyalinka ku zana gidan, ka fara da tambayar inda ruwa zai bi da inda za a hura wuta.